Gidan Tarihi ko Zauren Maroƙa? Ƙorafi a kan Gidan Bismak na Friedrichsruh

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin nazarin waƙar baka ya san cewa makaɗin fada ba safai yake shara ƙarya ba. Galibin abin da yake faɗa ya auku: sarki ya ci gari kaza, ya gina ganuwa, ya yi kyautar doki da alkyabba. Gwanintarsa tana wajen zaɓe ne, wato sanin abin da zai ɗaga da abin da zai danne, da wanda zai ambata da wanda zai yi kamar ba a haife shi ba. Ba mu ganin laifinsa, domin sana'arsa ke nan, kuma duk wanda ya ji kiɗan taushi ya san yabo ake yi. Inda gizo ke saƙa shi ne idan aka gina waƙar yabo da tubali, aka sa mata ƙofa da taga, aka rubuta "gidan tarihi" a goshinta, sa'an nan aka ce yara 'yan makaranta su shiga su koyi gaskiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa gidan da aka keɓe wa Otto von Bismarck a ƙasar Jamus (za mu riƙa kiransa Bismak don sauƙin harshe) irin wannan gini ne, kuma mu da muke karatu da koyarwa da harshen Hausa muna da bakin magana a kansa.

Friedrichsruh ƙauye ne a tsakiyar dajin Sachsenwald, gabas da birnin Hamburg. Sarki Wilhelm na Ɗaya ne ya ba Bismak wannan daji a shekarar 1871, tukuicin haɗe kan Jamus da ya yi bayan yaƙoƙi uku: da Denmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870 zuwa 1871. Nan ya koma da zama bayan da Sarki Wilhelm na Biyu ya sallame shi daga waziranci a 1890, nan ya mutu ranar 30 ga Yuli, 1898, kuma nan kabarinsa yake. A 1951 aka buɗe gidan kayansa a wani tsohon gida na ƙauyen. A 1997 majalisar dokokin Jamus ta kafa gidauniya da sunansa, aka ba ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garin ta zama mazauninta. Akwai irin waɗannan gidauniyoyi na Adenauer da Ebert da Heuss da Brandt da Schmidt da Kohl, duk da kuɗin gwamnatin tarayya ake tafiyar da su. A cikinsu duka Bismak ne kaɗai wanda bai taɓa yarda cewa jama'a ke da mulki ba. Tun a 1862 ya shaida wa 'yan majalisar Furushiya cewa ƙarfe da jini ne ke warware manyan al'amura, ya kuma ci gaba da karɓar haraji shekara da shekaru ba tare da majalisa ta amince da kasafin kuɗi ba.

Mu fara da abin da ya fi komai shahara a cikin tarin kayan gidan, wato zanen da Anton von Werner ya yi na ranar 18 ga Janairu, 1871, ranar da aka yi shelar kafa Daular Jamus a Zauren Madubai na fadar Versailles, a ƙasar Faransa da aka ci da yaƙi. Wannan zane shi ake bugawa a littattafan tarihi na makarantu, har ya zama in an ce haɗewar Jamus shi ke faɗo wa mutane a rai. A tsakiyarsa ga Bismak tsaye cikin fararen kayan soja, kowa na kewaye da shi cikin tufafi masu duhu, ta yadda ido ba shi da zaɓi sai ya sauka a kansa kafin ya nemi inda sarki yake. To, a ranar da abin ya faru shuɗin kaki ne a jikin Bismak. Lambar girman da aka rataya masa a wuya cikin zanen sai a 1884 aka ba shi ita, shekara 13 bayan taron. Ministan yaƙi Albrecht von Roon, wanda aka zana a cikin taron, rashin lafiya ta hana shi halarta. Bugu da ƙari, a wannan rana Sarki Wilhelm fushi yake yi da wazirinsa saboda gardamar da suka yi a kan laƙabin sarautar, har ya sauko daga dandamali ya wuce shi bai miƙa masa hannu ba. Babu ko alamar wannan a zanen.

Me ya sa? Saboda zanen kyauta ce. Gidan sarautar Furushiya ne ya sa aka yi shi domin bikin cikar Bismak shekara 70, ranar 1 ga Afrilu, 1885. Wanda ya riga shi, na 1877, wanda Bismak bai fito fili haka a cikinsa ba, ya salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu tare da na 1882. Sai ya zamana wanda aka fi shafa wa shuni shi ya tsira, shi kuma duniya ta ɗauka a matsayin shaida. A harshen nazarin adabi, mai zanen ya ɗauki ɗaya daga cikin taurarin labari ya mai da shi babban tauraro, ya gyara masa tufafi, ya kawo masa abokin da bai zo ba, ya share masa abin kunya. Idan ɗalibinmu ya yi haka a ƙagaggen labari za mu yaba masa. Idan ya yi a kundin tarihi za mu kayar da shi.

Masu kula da gidan sun san duk wannan, kuma ba su ɓoye shi. Masanan gidauniyar ƙwararru ne, suna buga takardun Bismak, suna shirya laccoci har a kan mulkin mallaka. Ba na tuhumarsu da ƙarya. Abin da nake tuhuma shi ne zubi da tsarin gidan kansa. Ɗan bayani a allo mai faɗin tafin hannu ba ya iya ja da zanen da ya cika bango. Mai ziyara yakan karanta allon ya manta, amma farin kakin nan yana biye da shi har gida.

Haka sauran kayan suke. Yawancin abin da aka tara kyaututtuka ne da takardun girmamawa da lambobi da hotuna da kayan ɗakin aikinsa, har da bindigar da wani saurayi, Ferdinand Cohen-Blind, ya harbe shi da ita a Balin a 1866. Ko wannan bindiga ma yabo take yi, domin cewa take ga gwarzon da harsashi ya kasa. Sai mu tambaya: su wa ke aika wa mai mulki kyauta? Waɗanda suka ci moriyarsa da waɗanda ke neman ci. Babban limamin Katolika Ledóchowski, wanda aka ɗaure a 1874 lokacin da Bismak ke yaƙi da cocin Katolika, bai aiko da kofin azurfa ba. 'Yan jam'iyyar ma'aikata da dokar 1878 ta haramta wa taro da jarida har zuwa 1890, aka kori ɗaruruwansu daga garuruwansu, ba su aiko ba. Mutanen Polan da Yahudawa kimanin 30,000 da aka kora daga Furushiya tun daga 1885 ba su aiko ba. A watan Maris na 1895, da aka nemi majalisar dokokin daula ta aika masa da gaisuwar cika shekara 80, 'yan majalisa suka ƙi, da ƙuri'a 163 a kan 146. Kyaututtukan wannan biki sun cika ɗakuna. Ƙin da majalisa ta yi kuwa ba shi da jiki, ba a iya sa shi a akwatin gilashi a haska masa fitila. Gidan da aka gina a kan abin da mutum ya mallaka dole ne ya karkata wajen masoyansa, ko da mai tsaron gidan waliyyi ne.

Za a ce ai shi ya fara kafa inshorar lafiya ta ma'aikata a 1883, da ta haɗari a 1884, da fanshon tsufa a 1889. Gaskiya ne, kuma duniya ta kwaikwaya. Sai dai shi da kansa bai ɓoye cewa ya yi ne don ya janye ma'aikata daga jam'iyyar da ya haramta ba. Sanda a hannun dama, tuwo a hannun hagu.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafarmu. Kwana 34 kacal kafin a miƙa wa Bismak zanen nan, wato ranar 26 ga Fabrairu, 1885, aka rufe Taron Balin, wanda aka buɗe ranar 15 ga Nuwamba, 1884 a fadar waziri da ke titin Wilhelmstrasse. Bismak ne mai masauki, shi ya buɗe, shi ya rufe. Ƙasashe 14 suka halarta, har da Amurka da daular Turkawa ta Santambul. Babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Duk lokacin da aka ta da wannan magana, masu kare Bismak suna da amsoshi da suka haddace, kuma ya kamata mu auna su ɗaya bayan ɗaya, don ba dukansu ne shirme ba.

Amsa ta farko ita ce wai Bismak ba ya son mulkin mallaka. Sukan kawo maganganunsa na kafin 1884, inda ya sha cewa mallakar ƙasashen waje asarar kuɗi ce, da kuma abin da ya gaya wa matafiyi Eugen Wolf a 1888, cewa taswirarsa ta Afirka a Turai take, tsakanin Rasha da Faransa. Sun yi gaskiya, ya faɗa. Amma mu duba abin da hannunsa ya yi a cikin shekara guda. A watan Afrilu na 1884 ya buga waya cewa filayen da ɗan kasuwa Lüderitz ya saya a ƙasar da yau ake kira Namibiya suna ƙarƙashin kariyar Jamus. A watan Yuli wakilinsa ya kafa tutar Jamus a Togo, sa'an nan a Duwala ta Kamaru. Ranar 27 ga Fabrairu, 1885, washegarin rufe taro, aka ba kamfanin Carl Peters takardar kariya a kan Gabashin Afirka. Kusan duk abin da Jamus ta taɓa mallaka a Afirka a zamanin mutumin da "ba ya so" ta same shi. Masana sun kawo dalilai: zaɓen 1884, da matsin 'yan kasuwar Hamburg da Bremen, da son jawo Faransa a jiki don a ƙuntata wa Ingila. Ni a ganina wannan amsa ƙara masa laifi take yi. Wanda ya ƙwace gonarka don yana ganin zai gyara ta azzalumi ne mai ruɗin kai. Wanda ya ƙwace ta alhali ba ya ko sonta, don kawai ya ci wata caca da maƙwabcinsa, me za mu kira shi? Maganar taswirar nan da ake kawowa don a wanke shi ita ce babbar shaida a kansa, domin ma'anarta ita ce mu da ƙasashenmu tsakuwoyin dara ne.

Daga nan sai a koma ga tsohuwar dabarar fada, wato ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wai su Peters da Woermann ne suka ja shi. To, wa ya aika jiragen yaƙi? A watan Disamba na 1884, ana tsakiyar taro a Balin ana maganar wayar da kan baƙar fata, jiragen Admiral Knorr suka yi luguden wuta a kan unguwar Bonaberi ta Duwala, saboda shugabanta Lock Priso ya ƙi amincewa da yarjejeniyar da aka ƙulla da sarakunan Bell da Akwa. Aka ƙone garin, wakilin Jamus Max Buchner ya ɗauke sassaƙaƙƙen goshin kwalekwalen sarautarsa, aka kai shi Munich, inda ya shafe fiye da shekara 130, jikansa yana ta neman a mayar. A 1889, da mutanen gaɓar tekun Gabashin Afirka suka yi bore a ƙarƙashin Abushiri, Bismak ne ya nemo kuɗi daga majalisa, ya tura Hermann Wissmann da sojan haya, aka ƙona garuruwa, aka rataye Abushiri a Pangani a watan Disamba na wannan shekara. Duk wannan kafin a sallame shi ne. Saboda haka masu cewa ta'asar Jamus a Afirka ta fara ne bayan tafiyarsa, da kisan ƙare dangin Herero da Nama na 1904 zuwa 1908 wanda Jamus ta amsa sunansa a 2021, sun tsallake shekara shida na jini. Kuma ko wancan kisan ma, a filin da ya kafa wa tuta aka yi shi.

Akwai kuma maganar barasa, wadda ba a cika yi ba. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Nupe Maliki ya rubuta wa Bishop Crowther takarda yana roƙon a isar wa Sarauniyar Ingila cewa barasa ta lalata masa ƙasa, a hana kawo ta. Kaso mai yawa na wannan barasa daga Hamburg ake loda ta. Da aka kawo shawara a Taron Balin cewa a taƙaita cinikinta a kogin Kwara, Jamus na cikin waɗanda suka taka wa shawarar birki, aka ƙare da fatan baki wanda bai ɗaure kowa ba. Adolph Woermann, babban mai safarar barasa zuwa Yammacin Afirka, yana cikin masu ba tawagar Jamus shawara a taron. Bismak kansa yana da wuraren dafa barasa a gonakinsa. Ga sarki Musulmi a Bida yana kuka, ga waziri a Balin yana lissafi. A wane ɗaki na gidan Friedrichsruh za a rataye takardar Maliki?

Amsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma a nan dole in juyo kan 'yan'uwana malamai da ɗalibai. Masu kare Bismak sukan ce ba a raba Afirka a Taron Balin ba. A zahirin takarda sun fi mu gaskiya. Labarin da muke ta maimaitawa a aji da jarida, cewa Turawa sun shimfiɗa taswira sun sa rula sun yanka Nijeriya da Nijar da Kamaru a zama ɗaya, bai faru ba. Takardar ƙarshe ta taron, mai sassa 38, magana take a kan 'yancin ciniki a yankin Kwango, da zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da na Kwara, da hana cinikin bayi, da kuma ƙa'idar cewa duk ƙasar da ta kama wani sabon wuri a gaɓar teku ta sanar da sauran, ta kuma kafa iko na zahiri a wurin. Iyakoki daga baya aka ja su, ƙasa da ƙasa, yarjejeniya bayan yarjejeniya. Duk ranar da ɗalibinmu ya tsaya gaban Bajamushe masani ya kawo labarin rula, za a kayar da shi cikin minti biyu, kuma da faɗuwarsa sai a ce duk ƙorafin ma tatsuniya ce. Ragwancinmu wajen karatu shi ke ba su mafita.

Abin da aka yi a Balin ya fi yanka taswira muni. An zauna ne aka amince cewa ƙasar baƙar fata halal ce ga duk Baturen da ya riga kai hannu, muddin ya sanar da 'yan'uwansa. An tsara yadda za a yi wasoso ba tare da masu wasoson sun soki juna ba. A gefen taron ne ƙasashe suka amince da ikon ƙungiyar Sarki Leopold na Beljiyam a kan Kwango, Jamus ma tun kafin a buɗe taron ta amince, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya na yanke hannaye saboda roba. A taron ne aka bar wa Ingila kula da ƙasan kogin Kwara, bayan George Goldie ya saye kamfanonin Faransa da ke gasa da shi. A lokacin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba yana kan gado, Lamiɗo Sanda yana Yola, Etsu Maliki yana Bida. Ba wanda ya aika musu da ko ɗan saƙo cewa ana shawara a kan kogin da talakawansu ke sha.

Dangantakarmu da wannan waziri ba ta tsaya nan ba. A 1870 wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, ya iso Kukawa ɗauke da kyaututtukan Sarkin Furushiya zuwa ga Shehu Umar na Borno, aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka ba shi masauki da kariya. Shekara 14 bayan haka, wannan Nachtigal ɗin ne Bismak ya aika ya kafa tuta a Togo da Kamaru. Baƙon da ya ci tuwon Shehu shi ya buɗe ƙofar da daga baya sojan Jamus suka bi har Dikwa a 1902. A 1886, Bismak na kan mulki, Ingila da Jamus suka ja layi daga Kuros Riba zuwa kusa da Yola. A 1893 aka ƙarasa shi zuwa Tafkin Chadi, aka lanƙwasa shi ta yadda birnin Yola ya faɗa hannun Ingila, yawancin ƙasar Adamawa kuwa, su Garwa da Marwa da Ngaundere da Tibati da Banyo, suka faɗa hannun Jamus. An bar kai a wani gida, gangar jiki a wani. Lamiɗo Zubairu ya ƙi yarda. Ingilishi suka kore shi daga Yola a 1901, Jamusawa suka karya rundunarsa a Marwa a 1902, ya mutu yana gudun hijira a 1903. Ko shari'ar Bakasi da Kotun Duniya ta yanke a 2002, da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 aka kafa hujja. Wanda ya ce Bismak tarihin Turai ne kawai, ya je Mubi ko Gwoza ya tambayi dalilin da ya sa aka yi musu ƙuri'ar raba gardama a 1961.

Har fannin da muke ci da shi bai kuɓuta ba. A 1887, a zamanin Bismak kuma da goyon bayansa, aka kafa makarantar koyon harsunan Gabas a Balin domin horar da jami'ai da tafintoci, daga baya Hausa ta shiga cikin harsunan da ake koyarwa. Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, jami'in mulkin Jamus ne a Kete-Krachi, kuma a wurin Imam Umaru, Bakano, ya sami yawancin rubuce-rubucen da suka ɗaukaka sunansa. Muna amfani da waɗannan ayyuka har gobe, kuma ba laifi. Amma ya kamata mu san cewa ba don ƙaunar karin magana aka fara koyon Hausa a Balin ba.

Amsa ta uku ita ce wadda ake kawowa in sauran sun ƙare: mutumin zamaninsa ne, kada a auna shi da mudun yau. Sai in ce, zamanin wa? Lock Priso ɗan zamaninsa ne. Abushiri ɗan zamaninsa ne. Maliki ɗan zamaninsa ne. A cikin majalisar Jamus kanta August Bebel ya tashi a 1889 ya la'anci mulkin mallaka a gaban kowa. Mudun da muke aunawa da shi nasu ne, tun a wancan lokaci suka ɗaga shi. Duk mai cewa "haka kowa yake tunani a lokacin" ya riga ya yanke hukunci cewa waɗanda aka yi wa luguden wuta ba sa cikin "kowa".

Jamusawa da kansu sun fara jin ƙaiƙayin abin. A Hamburg akwai gunkin Bismak mai tsawon mita 34, wanda aka ƙaddamar a 1906. Da aka tashi gyara shi da kuɗi kusan Yuro miliyan 9, sai zanga-zanga ta tashi a 2020. Hukumar birnin ta sa gasar masu fasaha don a samo yadda za a sake fassara gunkin, amma a 2023 alƙalan gasar suka watse ba su zaɓi kowa ba. A 2022 ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta cire sunansa daga wani zaurenta na taro, aka yi ta kumfar baki a jaridu, zuriyarsa ma suka yi ƙorafi. A Disambar wannan shekara ministocin Jamus suka kawo wasu tagullan Benin Abuja. Wani bincike da aka buga a 2023 ƙarƙashin jagorancin Bénédicte Savoy da masanan Kamaru ya ƙidaya kayan Kamaru fiye da 40,000 a gidajen tarihin Jamus. A gefe guda ke nan ana adana kujera da alƙalamin mutum ɗaya da sunansa da ranar haihuwarsa, a ɗaya gefen kuma kayan al'umma dubbai suna jibge a ɗakunan ajiya, da yawansu ba a ko rubuta sunan mai su ba.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a rushe ko a rufe. An gwada wannan: gwamnatin Jamus ta Gabas ta rushe gidan da aka haife shi a Schönhausen a 1958, amma bayan haɗewar ƙasar sai ga gidan tarihinsa an buɗe a ɓangaren da ya saura, a 1998. Rushewa ba ta kashe kirari, takan ƙara masa armashi ne. Kuma zanen Werner shaida ce mai daraja, in an karanta shi a matsayin shaidar yadda masu mulki ke gyara hotonsu.

Abin da nake nema ya fi rushewa wuya. A sauke Bismak daga matsayin mai gida, a mai da shi ɗaya daga cikin masu ba da bahasi. Ba ɗaki ɗaya za a ware a ƙarshen zagaye a rubuta "Mulkin Mallaka" a ƙofarsa ba, bayan mai ziyara ya gaji kuma ya riga ya kamu da son tauraro. Wannan kamar ɗangon zambo ne guda a cikin doguwar waƙar yabo, ƙara mata daɗi yake yi. A sa amsa kusa da kowane yabo, girmansu ɗaya, haskensu ɗaya. A jikin bangon da ke fuskantar zanen Werner a kafa takardar ƙarshe ta Taron Balin, a rubuta ranakun biyu, 26 ga Fabrairu da 1 ga Afrilu, 1885, mai ziyara ya lissafa da kansa. Kusa da takardun girmamawa na 1895 a rubuta sakamakon ƙuri'ar majalisa da sunayen waɗanda suka ƙi. Kusa da teburin aikinsa a sa taswirar Adamawa kafin 1886 da bayan 1893. Bayanin kuwa kada masanan Jamus su rubuta shi su kaɗai su aiko mana mu sa albarka. A zauna da masana tarihi na Duwala da Lome da Darussalam da Windhoek da Yola tun daga shimfiɗar tsarin, kuma a ba su ikon cewa a'a.

Namu aikin a nan gida shi ne mu daina koyar da Taron Balin da labarin rula. Takardar taron tana nan, sassa 38 ne, ba ta kai tsawon ƙaramin littafin hikaya ba. Sashenmu yana da malaman fassara da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri a kai kowace shekara. A ba mutum biyu ko uku sassan da suka shafi kogin Kwara da sashe na 34 da na 35 su mayar da su Hausa, a buga a fitowa ta gaba ta wannan mujalla tare da takardar Etsu Maliki.